Haɗa ƙwayoyin haihuwa a wajen jiki: abin da ya kamata ma'aurata su sani kafin su ɗauki hanya

Idan kun yi shekara guda cur kuna tare, kuna saduwa a kai a kai, ba ku amfani da wata dabarar tazarar haihuwa, kuma ciki bai samu ba, wannan shi ne abin da likitoci ke kira rashin haihuwa. Kalmar ba ta nufin ba za ku taɓa haihuwa ba. Tana nufin lokaci ya yi da za a duba ku, ku biyun. Idan shekarun matar sun haura 35, kada ku jira shekarar ta cika, wata shida ya isa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a nan ƙasashe masu arziki da matalauta ba su bambanta sosai ba. Inda aka bambanta shi ne nauyin da abin ke ɗorawa. A Nijar, inda binciken jama'a da lafiya na 2012 ya samu fiye da ƴaƴa 7 ga kowace mace, matar da ta yi shekara uku a ɗaki ba goyo ta san irin kallon da ake yi mata a gidan suna, ta san maganar dangin miji, ta kuma san cewa zancen kishiya ko saki ba ya nisa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitanci ke taimakawa ita ce haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a ɗakin bincike, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiran aikin FIV, na Najeriya da Gana suna cewa IVF, jama'a kuma kan ce "ɗan kwalba". Wannan suna na ƙarshe yana ruɗar mutane. Babu jaririn da ke girma a kwalba. Kwana 3 zuwa 5 kawai ɗan tayin ke yi a waje, yana ƙanƙanta fiye da ɗigon alƙalami, sauran wata tara kuwa a cikin uwarsa yake yin su kamar kowane ɗa.

Ba sabon abu ba ne. Jaririya ta farko, Louise Brown, an haife ta ranar 25 ga Yuli 1978 a garin Oldham na Ingila, bayan aikin shekaru da likita Patrick Steptoe da masanin halitta Robert Edwards da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy suka yi. Faransa ta samu tata ta farko a 1982. An ba Edwards kyautar Nobel a 2010. Ita Louise ta girma, ta yi aure, ta haifi ɗanta na fari a 2006 ba tare da taimakon wannan dabara ba. Zuwa yau yaran da aka samu ta wannan hanya a duniya sun haura miliyan 10.

Ina ne hanya ke toshewa?

Kafin ku fahimci abin da aikin ke yi, sai kun san abin da yake maye gurbinsa. Mace tana da gidajen ƙwai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito, kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba. Tsakanin kowane gidan ƙwai da mahaifa akwai wani siririn bututu, tsawonsa kamar santimita 10. A cikin wannan bututu ƙwayar maniyyi ke tarar da ƙwan ta shige shi, ba a cikin mahaifa ba. Daga nan ɗan tayin ke gangarowa a hankali, ya iso mahaifa bayan kwana biyar ko shida, ya maƙale a bangonta. Ko ga ma'aurata matasa masu cikakkiyar lafiya, damar samun ciki a kowane wata ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba.

A ƙasashenmu, bututun nan shi ne wurin da ya fi lalacewa. Ciwon sanyi da sauran cututtukan saduwa da ba a yi musu cikakken magani ba, ciwon da ke shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari ko zubar da ciki a wurin da babu tsabta, tarin fuka da ya sauka ƙasan ciki, har da tsargiya, wato fitsarin jini da ake ɗauka a tabkuna da gonakin rani, duk suna iya barin tabo a cikin bututun su rufe shi. Shi ya sa za ku ga mace ta haihu sau ɗaya ko sau biyu, sannan haihuwar ta tsaya cak alhali al'adarta na zuwa daidai. Ƙwai yana fitowa, maniyyi yana shiga, amma ba su da wurin gamuwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe cutar, ba ya buɗe tabon da ta bari. Saboda irin waɗannan mata ne aka fara ƙirƙiro wannan dabara, domin tana tsallake bututun gaba ɗaya.

Kai maigida, wannan sashe naka ne. A kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, matsalar tana wurin namiji, shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin saduwa ba shaida ba ne, fitar maniyyi ma ba shaida ba ce, domin ruwan yana iya fita babu ƙwayoyin haihuwa a cikinsa, ko su yi kaɗan, ko su kasa motsi. Haihuwar da ka yi shekara goma da suka wuce ba ta tabbatar da halin da kake ciki yau ba: ciwon sanyi yana toshe hanyar maniyyi kamar yadda yake toshe bututun mace, hangum da ya kama mutum bayan balaga yana iya taɓa maraina, kumburin jijiyoyin maraina yana rage ƙwayoyin, allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi kuwa tana dakatar da samar da su. Gwajin maniyyi shi ne mafi arha kuma mafi sauƙi cikin duk gwaje-gwajen, ba allura, ba tiyata. Ana so ka ƙaurace wa iyalinka kwana 2 zuwa 7 kafin ka bayar. A ma'aunin OMS na 2021, ƙasa da ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ana ɗaukarsa kaɗan. Idan sakamakon bai yi kyau ba, a sake bayan wata uku, domin jiki yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi, kuma zazzaɓi mai zafi da ka yi a baya-bayan nan yana iya ɓata gwajin farko. Ƙara aure don a gane mai laifi gwaji ne mai tsada, kuma shekarun da zai ci daga jikin uwargida ake cire su.

Ba kowa ne ke buƙatar FIV ba, kuma likitan kirki ba zai fara da ita ba. Macen da ƙwanta ba ya fita a kan lokaci sau da yawa ƙwayoyin sha irin su kulomifen ko letirozol sun ishe ta. Ƙarin da ya tsiro a cikin mahaifa ana iya cire shi. Idan bututu a buɗe yake kuma maniyyin bai yi rauni sosai ba, ana iya tace shi a zuba kai tsaye cikin mahaifa ranar fitar ƙwai, aikin da bai kai FIV tsada ko wahala ba. Ana komawa ga FIV idan bututu biyun sun toshe ko an cire su, idan ƙwayoyin maniyyi sun yi ƙaranci ƙwarai, idan waɗancan hanyoyi sun gaza, ko kuma an yi duk bincike ba a gano dalili ba alhali shekaru na tafiya.

Binciken farko ba sai kun ƙetare iyaka ba. Ku fara daga likitan mata a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ko a cibiyoyin lafiyar uwa da yaro da manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Abin da za a nema: gwajin maniyyi, hoton ciki na eko, gwajin jini na sinadaran haihuwa, da hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa ta bakin mahaifa don a ga ko yana wucewa ta bututun. Za a kuma duba ku biyun game da sida, ciwon hanta da tunjere. Ku adana kowace takarda.

Yadda aikin ke gudana

Zagaye ɗaya, daga allurar farko zuwa gwajin ciki, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida.

Ana farawa da ƙarfafa gidajen ƙwai. A bisa al'ada jiki ƙwai ɗaya yake nunarwa a wata, shi kuwa likita yana son ya samu da dama a lokaci guda, domin ba dukansu ne za su kai labari ba. Daga rana ta biyu ko ta uku ta al'ada, matar za ta riƙa karɓar allura ƙarƙashin fatar ciki kowace rana, tsawon kwana 8 zuwa 14. Allurar siririya ce, yawancin mata sukan koyi yi wa kansu. Sinadarin da ke cikinta irin wanda jiki ke samarwa ne da kansa, an ƙara yawansa ne kawai. Ana haɗawa da wata allurar da ke hana ƙwayayen fashewa kafin lokaci. Wasu daga cikin magungunan nan suna buƙatar sanyin firji, saboda haka ku tambayi yadda za ku ajiye su idan wuta ta ɗauke, musamman a watannin zafi. Kowane kwana biyu ko uku za a yi eko, wani lokaci da gwajin jini, a auna ƴan jakunkunan ruwan da ƙwayayen ke girma a ciki, a ƙara magani ko a rage. Wannan ne ya sa ba a yin aikin daga nesa, dole matar ta zauna kusa da cibiyar.

Idan manyan jakunkunan sun kai kimanin milimita 17 zuwa 20, sai a yi allurar ƙarshe wadda ke nunar da ƙwayayen. Ke uwargida, ki riƙe wannan da kyau: a duk cikin aikin babu abin da sa'arsa ta kai ta wannan allura muhimmanci. Ana ciro ƙwayayen awa 34 zuwa 36 bayanta. Idan an ce ƙarfe 9 na daren Litinin, to ƙarfe 9 ɗin ake nufi, domin an tsara ciro ƙwai da safiyar Laraba. Idan an yi jinkirin allurar za a tarar da ƙwayayen ba su nuna ba, idan an gaggauta ta za su fashe su zube kafin likita ya kai gare su, kuɗin allurar mako biyu ya tafi. In kin makara ko kin yi kuskure, ki faɗa wa likita ainihin lokacin da kika yi ta, yana iya gyara nasa lokacin.

Ciro ƙwai ba tiyatar yanka ciki ba ce. Ana ba matar maganin barci mai sauƙi, likita ya bi ta farji da siririyar allura yana kallon na'urar eko, ya tsotso ruwan kowace jaka. Minti 15 zuwa 30 ne, kuma a ranar ake sallamarta. Ciwon mara da ɗan ɗigon jini na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. A wannan safiyar ce mijin zai ba da maniyyinsa a keɓantaccen ɗaki. Wanda tafiya ko aiki zai hana shi kasancewa a ranar yana iya bayarwa tun da wuri a daskarar masa.

Daga nan aiki ya koma hannun ma'aikatan ɗakin bincike. Suna wanke maniyyin, su ware ƙwayoyin da suka fi motsi, su zuba dubbai daga cikinsu kusa da kowane ƙwai a cikin ɗan faranti mai ruwan abinci, su sa a akwatin da ke riƙe ɗumin jikin mutum, digiri 37. Ƙwayar maniyyi ɗaya za ta shiga da kanta. Idan ƙwayoyin mijin kaɗan ne ko ba su da kuzari, akwai wata dabara mai suna ICSI wadda aka fara samun haihuwa da ita a birnin Burusal na Beljiyam a 1992: a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana ɗaukar ƙwaya guda da allurar gilashi a cusa ta cikin ƙwan. Wannan ta buɗe ƙofa ga mazan da a da ake gaya musu su haƙura. Har wanda babu ko ƙwaya ɗaya a ruwan maniyyinsa, a wasu lokuta ana iya samo su kai tsaye daga maraina.

Washegari ake duba waɗanda suka haɗu. Ɗan tayin yana rabuwa gida biyu, huɗu, zuwa rana ta uku ya kai shida zuwa takwas, zuwa rana ta biyar ya zama ɗan ƙwallo mai ƙwayoyin halitta fiye da ɗari. A nan ne zuciya ke shan wahala, domin adadi raguwa yake yi kullum. A matsayin misali kawai: an ciro ƙwai 10, takwas ne suka nuna, biyar ko shida suka haɗu da maniyyi, biyu ko uku suka kai rana ta biyar. Wannan ba sakaci ba ne, haka halitta take. A cikin jiki ma ƴan tayi da yawa sukan tsaya a waɗannan kwanaki, mace ta ga al'adarta ba tare da ta san an yi komai ba.

Mayar da ɗan tayi shi ne mataki mafi sauƙi. A rana ta uku ko ta biyar, ana ɗaukarsa da wani lallausan bututun roba a wuce da shi ta bakin mahaifa a ajiye. Ba a buƙatar maganin barci, minti kaɗan ne. Ɗan tayi ba ya faɗowa don kin tashi tsaye, kin yi tafiya ko kin yi sujada, kuma bincike bai nuna kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara komai ba. Abin da ake so shi ne ki ci gaba da maganin da ke riƙe bangon mahaifa, na cusawa ko na allura, da ƙwayar folik asid, har sai likita ya ce ki daina, ko da kin ga ɗan jini. Bayan kwana 10 zuwa 14 a yi gwajin jini. Kada ki dogara da gwajin fitsari na gida kafin ranar, domin allurar nunar da ƙwai tana iya sa ya nuna ciki alhali babu. Idan ciki ya tabbata, mako biyu ko uku bayan haka eko zai nuna wurin da yake zaune da bugun zuciyarsa.

Ƴan tayi masu kyau da suka rage ana daskarar da su a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma suna iya yin shekaru a haka. Mayar da su daga baya ba ya buƙatar a sake allurar mako biyu ko ciro ƙwai, saboda haka ya fi arha nesa ba kusa ba.

Mece ce damar samun nasara?

Amsar ta fi rataya a kan shekarun matar fiye da komai, fiye da sunan asibiti da tsadar na'urorinsa. Namiji yana samar da sababbin ƙwayoyi har tsufa. Ita mace ana haihuwarta da dukkan ƙwayayen da za ta taɓa samu, miliyan ɗaya zuwa biyu, lokacin balaga sun ragu zuwa kimanin dubu 300 ko 400, kuma suna ci gaba da raguwa a yawa da inganci, musamman bayan shekara 35. Allurar FIV tana nunar da waɗanda suka rage ne, ba ta ƙirƙiro sababbi, ba ta kuma mayar da tsohon ƙwai sabo.

Ingila na cikin ƙasashen da doka ta tilasta wa kowace cibiya ta kai rahoton sakamakonta. Ga abin da alƙalumansu na 2019 suka nuna, idan aka ƙirga haihuwar ɗa mai rai a kan kowane ɗan tayi da aka mayar: kashi 32 cikin ɗari ga mata ƴan ƙasa da 35, kashi 25 ga ƴan 35 zuwa 37, kashi 19 ga ƴan 38 da 39, kashi 11 ga ƴan 40 zuwa 42, kashi 5 ga ƴan 43 da 44. Ku duba abu biyu a nan. Na farko, ko ga matashiya, gwaji biyu cikin uku ba ya kaiwa ga haihuwa, shi ya sa mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke dacewa. Na biyu, tsakanin shekara 34 da 41 damar ta ragu zuwa sulusi. Ma'auratan da suka kwashe shekara bakwai daga wannan mai magani zuwa wancan, sannan suka zo asibiti a ƙarshe, ba kuɗi kaɗai suka kashe ba. A ganinmu wannan jinkiri ya fi rashin kuɗi cutar da mata, domin kuɗi ana iya tarawa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, ku haɗa su tun daga shekarar farko.

Akwai abubuwan da ke hannunku. Taba sigari tana rage dama ga miji da mata. Ƙiba mai yawa ma haka. Ciwon sukari da hawan jini a daidaita su tukuna. Idan hoto ya nuna bututun da ya toshe ya cika da ruwa, ruwan yana zubowa mahaifa ya rage damar kama ciki kusan da rabi, shi ya sa likita zai ba da shawarar a cire bututun ko a ɗaure shi kafin a fara. Mata da yawa sukan ji tsoron wannan shawara, alhali bututun da ya lalace haka ba shi da sauran amfani.

Haɗurran da ya kamata ku sani

Mafi girma shi ne wanda mutane ke roƙo da bakinsu: tagwaye da ƴan uku. Wanda ya sayar da gona ko garke ya biya kuɗin aiki, yana ganin hikima ce a mayar da ƴan tayi uku ko huɗu a lokaci guda. Amma cikin tagwaye yana ninka haɗarin hawan jini da jijjigar masu ciki, zubar jini, tiyata da haihuwar bakwaini, ƴan uku kuwa kusan dukansu kafin lokaci ake haihuwarsu. Ku tambayi kanku nisan da ke tsakanin gidanku da asibitin da ke da akwatin renon bakwaini da wutar da ba ta yankewa. Ga mace matashiya mai ƴan tayi masu kyau, mayar da ɗaya a daskarar da sauran shi ne abin da ƙwararru suka fi ba da shawara a yau.

Na biyu shi ne kumburin gidajen ƙwai saboda ƙarfin allura. Mai sauƙi yakan wuce da kansa. Mai tsanani ba shi da yawa, amma yana iya kisa idan an yi sakaci, kuma ya fi samun matasa masu ƙwayaye da yawa. Idan a kwanakin da suka biyo bayan ciro ƙwai ciki ya kumbura da sauri, ga ciwo mai tsanani, amai, ƙarancin fitsari ko sarƙewar numfashi, ku tafi asibiti a daren, ku gaya musu an yi FIV. Saboda wannan, kada ku hau motar doguwar tafiya zuwa gida washegarin aiki ba tare da izinin likita ba.

Ciki yana iya zama a cikin bututu ko da a mahaifa aka ajiye ɗan tayin, musamman ga wadda bututunta ya taɓa ciwo. Ciwon mara a gefe ɗaya, jiri ko suma a makonnin farko na buƙatar asibiti nan take. Ɓari kuma yana faruwa kamar a kowane ciki, yana ƙaruwa da shekaru. Game da yaran, mafi yawansu lafiya lau ake haihuwarsu, suna girma suna karatu kamar sa'o'insu, sai dai an lura da ɗan ƙarin yiwuwar haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyi.

Me malamai suka ce?

Tun a watan Maris na 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma cikin mahaifarta za a mayar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka a zamanta na birnin Amman a 1986, da sharaɗin akwai buƙata kuma an ɗauki matakan hana cakuɗuwa. Ta haramta karɓar maniyyi, ƙwai ko ɗan tayi daga wani, da kuma aron mahaifar wata mace, domin kiyaye nasaba. Akwai tambayar da takan taso a gidajen da ke da mata fiye da ɗaya: shin kishiya za ta iya ɗaukar cikin abokiyar zamanta, tunda miji ɗaya ne? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda da haka a 1984, sannan ta janye a 1985, saboda kishiyar na iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin har a rasa wace ce uwar wane. Cocin Katolika kuwa ba ta amince da aikin ba ko tsakanin ma'aurata, kamar yadda ta bayyana a 1987, sauran coci-coci ra'ayinsu ya bambanta.

Wannan magana tana da amfani a aikace. Cibiyoyi da yawa suna amfani da ƙwai ko maniyyin wasu, kuma ga macen da ta haura 42 shi ne abin da sukan fara ba da shawara. Idan ba ku yarda da haka ba, ku faɗa tun ranar farko, a rubuta a takardar amincewar da za ku sa wa hannu. Kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba da harshen da kuke ji.

Kuɗi, tafiya da masu damfara

Akwai cibiyoyi a Abuja, Legas, Akara, Lome, Abijan da Tunis. Kuɗin zagaye ɗaya ana lissafinsa da miliyoyin sefa, kuma kuɗin da aka fara gaya muku sau da yawa bai haɗa da allurai, ICSI, daskarewa, masauki da mota ba. Ku nemi a rubuta muku jimillar komai. Tunda zagaye na farko ya fi yiwuwa ya faɗi fiye da ya ci, ku zauna ku biyu tun kafin a fara ku yanke iyakar abin da za ku iya kashewa, da abin da ba za ku sayar ba ko da me.

Ku tambayi cibiyar: mata nawa masu shekarun matata kuka yi wa aiki bara, nawa suka haifi ɗa mai rai? Ba "nawa suka ɗauki ciki" ba, domin wannan lissafin ya haɗa da waɗanda suka yi ɓari. Ku tambaya yadda suke sa wa faranti alama don kada a cakuɗa, da abin da ke riƙe akwatunan ɗumi idan wuta ta ɗauke. Duk wanda ya ba ku tabbacin ɗari bisa ɗari, ku tashi ku bar wurin.

Akwai damfarar da ta fi cin kuɗi muni. Wasu wurare suna yi wa mace allurar da ke kumbura ciki, su ce tana da juna biyu amma na'ura ba za ta gani ba, su hana ta zuwa wani asibiti, daga baya su ba ta maganin barci ta farka da jariri a gefenta, jaririn da aka sayo ko aka sato. Binciken da BBC ta watsa a 2024 ya bankaɗo irin wannan a kudu maso gabashin Najeriya. A Yamai ma, shari'ar da ta taso a 2014 kan jariran da aka shigo da su daga Najeriya ta kai mutane da dama gidan kaso. Cikin gaskiya yana fitowa a gwajin jini, yana fitowa a eko a kowane asibiti, kuma ba ya wuce wata tara ya kai shekara biyu. Idan an ce kin ɗauki ciki, ki je wani asibitin dabam a tabbatar.

Ranar tafiya, ku ɗauki takardar aurenku, takardun shaida, dukkan sakamakon gwaje-gwaje da hotunan da aka taɓa yi, da bayanin kowace tiyata. Idan ku biyun kuna ɗauke da jinin sikila, ku sanar da likita, domin wasu cibiyoyin suna iya gwada ƴan tayi kafin a mayar, ko da yake kuɗinsa dabam ne. Idan kun bar ƴan tayi a daskare, ku karɓi takardar da ta nuna adadinsu da kuɗin ajiyar kowace shekara, ku kuma rubuta abin da za a yi da su idan aure ya mutu ko ɗayanku ya rasu, domin a wurin mafi yawan malaman Sunna ba a mayar da su bayan igiyar aure ta yanke.